Ɗanjuma da Ɗanjummai: Amsa ga ƙanena mai tambaya

Assalamu alaikum ƙanena,

Ranar da ka bugo waya a filin rediyo ka tambaye ni ko "Ɗanjuma ne da Ɗanjummai" na nufin abu ɗaya ne ko kuwa abu biyu da ba sa rabuwa, lokaci ya ƙure kafin in gama bayani. Ga ragowar.

Fara da sunayen. Bahaushe na laƙaba wa yaro sunan ranar da aka haife shi: Ɗanladi da Ladi, Ɗanlami da Lami, Ɗan'asabe da Asabe. Na Juma'a, namiji Ɗanjuma, mace Jummai. To Ɗanjummai fa? Shi ma ranar Juma'ar yake komawa, ta hannun Jummai. Suna biyu, tushe ɗaya. Ma'anar tana nan: abubuwa biyu ne da kowa ke kiran su daban, amma in ka bi saiwarsu, wuri guda za ka tarar.

Misalin da na fi so shi ne Katsina da Maraɗi. Bayan jihadi ya ci Katsina a wajajen 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, daga baya suka kafa Maraɗi, har yau kuwa ana kiran mai sarautar can Sarkin Katsina. Turawa sun ja iyaka a tsakani, amma da aka rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 2023, ɗan Jibiya da ɗan Maraɗi kuka ɗaya suka yi. Wannan shi ne Ɗanjuma da Ɗanjummai.

Inda nake da ja da 'yan jarida shi ne, sun mai da shi gishirin kowace miya. Da an ga abu biyu sun jera, sai a liƙa musu shi. A'a. In shaƙuwa kake nufi tsakanin mutane, ka ce hanta da jini. In abokai ne da ba a ganin ɗaya sai da ɗaya, ga tif da taya nan, ko da yake yanzu an yi tayar da ba ta da tif, sai dai mu yi haƙuri da karin maganar. In kuwa raini ne, kana so ka ce babu na zaɓe a cikinsu, duk kanwar ja ce.

Ka kuma yi hattara da "zaman doya da manja". Na sha jin matasa na ɗauka jituwa ce, tunda tare ake cin su. Rashin jituwa ake nufi.

Ka gaida mutanen gida.

Yayanka.