Godiya ga kamfanin da ya ɗora mana na'urorin tatsar bayanai

Assalamu alaikum.

Mu ma'aikatan sashen kula da hanyoyin sadarwar kwamfuta ne na wata ma'aikata a Kano. Mun fito fili ne domin mu gode wa shugaba da injiniyoyin kamfanin da ya kawo mana na'urorin tatsar bayanai, waɗanda ke kwafo bayanan da ke wucewa a layi domin sa ido, 'yan sana'a ke kiransu taf, ya kuma ɗora su a kan layukanmu na faiba da na tagulla. Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu a aikinku shi ne ba ku zare waya ko ɗaya ba sai da kuka auna.

Kun yi gaskiya da kuka ce kafar madubi ta suwic, wato kafar da na'urar haɗa kwamfutoci ke kwafo zirga-zirgar layi zuwa gare ta, ba ta isa shaida ba. Layin gigabit 1 yana ɗaukar gigabit 1 a tafiya, wani gigabit 1 a dawowa. In aka tara su a kafa guda lokacin cunkoso, suwic zai zubar da rarar shiru. Fakiti, wato ƙunshin bayanai, da ya lalace kuwa ba ya ma kaiwa madubin, alhali shi ake nema idan layi ya fara ciwo.

A faiba ne ƙwarewarku ta fi fitowa. Taf ɗin faiba ba ya cin wuta, ba shi da manhaja, ba shi da adireshin IP. Gilashi ne kawai da ke raba haske gida biyu. Amma daga hasken layin yake ɗiba. Mai rabon 50/50 yana rage wa kowane ɓangare desibel 3 da rabi zuwa 4 (desibel shi ne ma'aunin asarar haske). Mai 70/30 yana rage wa layi kimanin 2, ɓangaren sa ido kuma kimanin 6. To, layin 10GBASE-LR mai kai kilomita 10 asarar desibel 6 da 'yan kai aka yarje masa gaba ɗaya, shi kuwa 10GBASE-SR a kan faiba OM3 mai mita 300, desibel 2.6 ne kacal. Shi ya sa kuka fara sa mitar haske a bakin kowane layi, kuka rubuta abin da ke isowa, kuka cire asarar taf da ta mahaɗai, sannan kuka gwada da mafi ƙarancin hasken da na'urar karɓa ke iya karantawa. Layin da ba shi da rarar haske kun ce a dakata da shi, duk da cewa ciniki kuka rasa. Wannan ya ƙara muku daraja a idonmu, domin layin da haskensa ya gaza ba ya mutuwa a huta. Tashi yake yi, yana tara kurakuran CRC, wato alamar fakiti ya lalace a hanya, yana zubar da fakiti jefi-jefi, a yi ta zargin mai ba da intanet ba gaira ba dalili.

Ba ku kuma haɗa abin da bai dace ba. Faiba mai rigar rawaya da ke aiki a nanomita 1310 taf ɗinta daban, ta OM3 mai nanomita 850 nata daban. Kan waya shuɗi na UPC ba a haɗa shi da koren APC, wanda aka goge bakinsa a karkace da digiri 8. In aka tilasta, haske ya tafi, gilashin ma ya iya ƙujewa. Sai tsabta. Zuciyar faiba mai rawaya maikron 9 ce, ƙwayar ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta dishe ta. Kowane kai kun duba shi da madubin ƙara girma, kun goge, kun sake dubawa, kafar da ba a amfani da ita kuma kun mayar mata da murfinta.

Kun tuna mana cewa taf yana fitar da tafiya daban, dawowa daban, don haka kwamfutar sa ido tana buƙatar kafofin karɓa biyu. A faibar gigabit 1 kuma sai an kashe tattaunawar da kafofi biyu ke yi da kansu kafin layi ya tashi, in ba haka ba kafar ba za ta tashi ba, tun da sauraro kawai take yi.

Game da tagulla ba ku ɓoye komai ba. Tsohon layi mai megabit 100 da tagwayen waya biyu yake aiki, ɗaya na aikawa ɗaya na karɓa, ana iya tatsarsa ba wuta. Gigabit kuwa duka tagwaye huɗun yake amfani da su, kowanne yana aikawa yana karɓa a lokaci guda, don haka dole taf ya zauna a tsakani da wutarsa, ya karɓa ya sake aikawa. In aka ɗauke wuta, makunnan da ke cikinsa sukan haɗe wayar shiga da ta fita kai tsaye, layi ya yanke na 'yan daƙiƙu ya dawo, amma sa ido ya tsaya cak. A garin da ake sauyawa tsakanin wutar gari da janareta kullum, wannan ba ƙaramin abu ba ne, shi ya sa kuka zaɓi mai bakin wuta biyu kuka jona shi da UPS, batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke. Akwai kuma tarkon da mutane da yawa ke faɗawa: da zarar makunnan sun haɗe, wayoyin biyu sun zama waya ɗaya, kuma iyakar tagulla mita 100 ce. Mita 60 a nan da mita 50 a can za su yi aiki lafiya muddin akwai wuta, ranar da ta ɗauke layin ya ƙi tashi. Kun auna tsawon kowanne, sannan kuka zare wutar taf ɗin a gabanmu domin kowa ya ga yadda layin ke dawowa. Layukan da ke ciyar da kyamara da wayar ofis da wuta ta cikin wayar sadarwa, wato PoE, ma kun tabbatar wutarsu tana wucewa.

Lissafin ma'aji ma kun yi mana shi: gigabit 1 a cike yana cin gigabait 450 a awa guda, ta ɓangare ɗaya kawai, kuma da shi muka tsara tsawon lokacin ajiya. Kun kuma nace a kulle akwatin na'urorin a taƙaita masu buɗe abin da aka tatsa da manhajar Wireshark, domin bayanan mutane ne, kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta hau kanmu. Takardar da kuka bari, mai ɗauke da awon hasken kowane layi kafin aiki da bayansa, da ita za mu riƙa gwada duk wani awo nan gaba.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara buɗi, Ya albarkaci matasan da kuke koya wa wannan sana'a.

Wassalam.
Ma'aikatan sashen sadarwar kwamfuta, Kano