A yi wa masu yanar ido cikakken bayani kan ɗinki da rashin ɗinki

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na karanta shafinku na lafiya kan aikin yanar ido, inda aka nuna kamar aikin da babu ɗinki ya fi kowanne. Ina roƙon a ƙara bayani, domin abin ya taɓa gidanmu.

Shekarun baya wani mai maganin gargajiya ya soka wa Baba tsinke a ido, ya ture yanar ta faɗa ciki. Da muka kai shi asibiti, likita ya ce jakar cikin ido da ake zaunar da gilashin roba (wanda ake sakawa a madadin yanar da aka cire) a cikinta ta tafi tare da yanar, sai dai a kafe gilashin a jikin farin ido. Ya juya bayan katin Baba ya zana mana hanya biyu.

Ta farko, a ɗaure shi da zaren Prolene, wanda bai kai kaurin gashi ba. An daɗe ana yin ta, amma zaren yana iya tsinkewa bayan shekaru, gilashin ya goce, ko ƙullin ya huda siririyar fatar da ta lulluɓe farin ido ya buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. Shi ya sa wasu suka koma zare mai kauri ko wani zaren da ake kira Gore-Tex.

Ta biyu ita ce ta likitan Japan, Shin Yamane, da ta bazu tun 2017. Da allura biyu ake jawo ƙafafun gilashin ta cikin farin ido, a ɗan ƙona bakinsu su yi kai kamar na ƙusa, su maƙale. Babu zaren da zai tsinke, aikin kuma yakan fi sauri. Sai dai idan hudar biyu ba su daidaita da juna ba, gilashin ya karkace ke nan, gani ya dagule. Kuma ba kowane gilashi ne ya dace da ita ba.

Likitan Baba ya ce hannunsa ya fi sabawa da ɗinki, muka ce a yi. Alhamdu lillahi, yau Baba da tabarau yake karatun Alƙur'aninsa bayan asuba.

Binciken makanta na ƙasa na 2005 zuwa 2007 ya gano fiye da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka yi wa aikin yana a Najeriya turewar gargajiya ce. Don Allah ku gayyato likitan ido ya yi wa iyayenmu wannan bayani da Hausa, kafin masu tsinke su sake zagayowa ƙauyuka da rani.

Mai karatunku,
daga Gusau.