Ya Aka Yi Kika Sani?

Aminiyata,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ke da maigida da yaran. Mu ma lafiya lau, sai kewarki da ta ƙi raguwa duk shekarun nan.

Saƙonki ya iso, har da muryar autarki tana ƙirga daga ɗaya zuwa ɗari ba tuntuɓe. Sau uku na saurara, Allah ya raya mana ita. Amma da kika ce za ki ɗora ta a kan haddar "biyu sau biyu" tunda bakinta ya buɗe, sai na ga maganar ta fi ƙarfin waya, gara in zauna in rubuto miki.

Kafin ki fara, ki ɗan gwada ta. Ki zube mata maɓallai biyar ta ƙirga, tana gamawa ki ce, "To, nawa ne?" In ta ce biyar kai tsaye, madalla. In kuwa ta sake komawa kan ɗaya, to har yanzu ƙirgar waƙa ce a bakinta, ba ta gano cewa lambar da ta faɗa a ƙarshe ita ce yawan abin gaba ɗaya ba. Wasu masana biyu a Amurka, Rochel Gelman da Randy Gallistel, sun sa wannan cikin ƙa'idoji biyar na ƙirga da suka fitar a 1978. Akwai kuma cewa kowane abu lamba ɗaya yake samu, kuma ta ko'ina aka fara, dama ko hagu, adadin bai canzawa. Mu manya mun manta cewa da koyo muka san waɗannan.

Ni a kan babban ɗana na gane. Yana shekara biyar na jera masa tsakuwa shida, na jera wasu shida a ƙasansu, kowace tana kallon 'yar'uwarta. Ya ce daidai suke. A gaban idonsa na ware jerin ƙasa ya yi tsawo, ban ƙara ko ɗaya ba. Ya nuna shi da yatsa ya ce, "Umma, wannan ya fi yawa." Yaron da yake ƙirga har hamsin! Raina ya ɓaci na daka masa tsawa, ya sunkuyar da kai, daga ranar kuma in na ɗauko tsakuwar sai ya sulale. Har yau abin yana damuna. Sai daga baya na san cewa Jean Piaget, masanin nan ɗan ƙasar Suwizalan, ya yi wa yara irin wannan gwajin tun da daɗewa, ya ga yawancin waɗanda ba su kai shida zuwa bakwai ba haka suke amsawa, don ido ne yake yi musu hukunci. Waɗanda suka biyo bayansa sun nuna cewa yadda aka yi tambayar ma yana rikita yaro, amma dai ɗana ba shi da laifin komai.

Da ƙanwarsa ta taso sai na canza. Ko ta faɗi daidai ko ta kuskure, tambayata ɗaya ce: "Ya aka yi kika sani?" Sai in kama bakina in jira, wanda shi ne mafi wuya. Wata rana na ce mu huɗu ne a ɗaki, takalma nawa za a tarar a bakin ƙofa? Ta ce huɗu. Na tambaye ta. Ta yi shiru, ta kalli ƙafafunta, ta kalli nawa, sai ta ce, "A'a, tsaya, kowa biyu ne." Ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana taɓa ƙafafu har ta kai takwas. Ita ta kama kuskurenta da kanta, kuma ga huɗu sau biyu nan ta yi ba tare da ta taɓa jin sunansa ba. Wallahi murnar da na yi ranar ta fi ta ranar da ta kawo sakamakon jarrabawa.

Kada ki ce na raina lissafin ƙuruciya. A 2007 wani masani mai suna Greg Duncan da abokan aikinsa sun duba manyan bincike shida da suka bi yara tsawon shekaru, suka ga lissafin da yaro ya shiga makaranta da shi ya fi komai nuna yadda karatunsa zai kasance a gaba. Shi ya sa nake so tushen ya zauna da kyau. Tsarin da Jerome Bruner, wani masanin yadda yara suke koyo, ya kawo shi nake bi, wanda makarantun Singafo suka gina koyarwarsu a kai: yaro ya fara riƙe abu a hannu, sannan ya zana shi, sai a ƙarshe ya rubuta lamba. Mu kan tsallake biyun farko saboda gaggawa.

Ga wani wasa mai sauƙi. Ki zana gidaje goma a jere a kan kwali, ki rubuta 1 zuwa 10, ku riƙa tafiya taki ɗaya ko biyu. In tana kan 3 za ta yi taki biyu, ta ce "huɗu, biyar", kada ta ce "ɗaya, biyu". Wasu masana biyu, Robert Siegler da Geetha Ramani, sun gwada shi a 2008, kuma wasan kusan awa ɗaya jimilla, a zama huɗu, ya sa yara sun fi gane wace lamba ce ta fi wata girma. Minti goma sha biyar ya isa, da kin ga ta fara hamma ku tashi.

Ki gwada na maɓallan a satin nan, ki rubuto mini abin da ta ce kalma da kalma, ko da bai yi daidai ba, don shi nake son ji. Ki gaishe mini da maigida, ki shafa mini kan auta.

Taki har kullum,
Aminiyarki