Hannun da ya shanye bayan hatsari: kada a ɓata watanni 6 na farko

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka domin in ja hankalin 'yan'uwanmu Hausawan Sudan, daga Gadarif zuwa Mai Wurno da Damazin, kan wani rauni da ke nakasa samarinmu alhali akwai aikin da ake yi masa. Matashi ya faɗo daga babur ko raksha (babur mai ƙafa uku) ta kife da shi, kafaɗa ta daki ƙasa, kai ya karkata ɗaya gefen. Ya tashi ba karaya, amma hannu na reto, ya ƙi ɗaguwa. Sai a ce targaɗe ne, a kai shi wurin maɗori, a yi ta shafe-shafe har shekara ta zagayo.

Abin da ya ji rauni jijiyoyi ne guda 5 da ke fitowa daga laka ta wuya, likitoci na kiransu C5, C6, C7, C8 da T1. Su ke kai saƙon motsi da ji zuwa hannu. Idan na sama biyu suka taɓu, kafaɗa da lanƙwasa gwiwar hannu ke tafiya, yatsu kuwa na aiki. Idan duka ne, hannun gaba ɗaya ya mutu. Wata jijiyar miƙewa kawai ta yi, za ta farfaɗo da kanta. Wata tsinkewa ta yi. Wata kuma an tuge ta daga laka kamar dawar da aka cire da saiwarta, wannan ba ta sake tsirowa. Fatar ido da ta sauko a gefen raunin, da baƙin ido da ya tsuke, da raɗaɗi mai ƙuna a hannun da ba ya jin taɓi, duk alamun tugewa ne.

Ga inda lokaci ya shigo. Jijiya na tsirowa kimanin milimita 1 a rana, tsoka kuma in ta yi watanni 12 zuwa 18 ba saƙo, ta ƙanƙance ke nan, ko jijiya ta iso ba za ta amsa ba. Shi ya sa ake yin gwajin EMG, mai auna saƙon lantarki a tsoka, da hoton MRI, mai nuna cikin jiki, bayan makonni 3 zuwa 4, a kuma yi tiyata tsakanin wata na 3 da na 6 idan motsi bai dawo ba. Yankan wuƙa ko gilashi ba a jira, ɗinkewa ake yi nan take. Raunin harsashi, wanda ya yawaita bayan ɓarkewar yaƙin Sudan a Afrilun 2023, galibi akan sa masa ido na kusan watanni 3, sai dai in jijiyar jini ta fashe.

Inda jijiya ta tsinke, akan yanko wata siririya daga bayan ƙwauri, tsawon santimita 30 zuwa 40, a cike giɓin da ita, a ɗinke da zare mafi siranta daga gashi. Abin da ƙafa ke rasawa ɗan ji ne a gefen sawu. Inda aka tuge ta, aro ake yi daga mai lafiya. A 1994 wani likitan Faransa, Oberlin, ya bayyana yadda ake ɗaukar ɗan sashen jijiyar da ke zuwa yatsu a haɗa da ta tsokar damtse. Da yake tazarar gajeriya ce, motsi kan fara cikin 'yan watanni. Kafaɗa akan aro mata jijiyar da ke ɗaga ta sama, a raunin gaba ɗaya kuwa akan ɗauko na tsakanin haƙarƙari. Gwiwar hannu ake fara ceto, domin mutum ya kai loma bakinsa, sannan kafaɗa. Yatsu su ne mafi wuyar dawowa, kada a yaudari kowa. Wanda ya makara fiye da shekara, sai dai a daso masa tsoka daga cinya, aikin da ba ko'ina ake yinsa ba.

Aiki kan lalace idan gaɓoɓi suka sage. Dole a riƙa motsa kafaɗa da gwiwa da yatsu kullum, a rataye hannun don kada nauyinsa ya janyo kafaɗa ƙasa, a kuma kiyaye shi daga wuta da ruwan zafi tunda ba ya ji. Bayan tiyata akan ɗaure hannun makonni 3, sannan atisayen motsa gaɓoɓi ya ci gaba har shekaru 2.

Ina roƙon maɗoranmu, hannun da ba karaya amma ya ƙi motsi bayan makonni 3 su tura shi asibiti. Iyaye kuma su rubuta ranar hatsarin, su nemi a haɗa su da likitan tiyatar hannu ko na jijiya, ko da sai an tsallaka wata jiha.

Wassalam,
Wani ma'aikacin lafiya, Gadarif, Sudan