Sanarwa kan karnukan unguwarmu

Assalamu alaikum iyaye da ƴan uwa. Karnukan da ke yawo bayan isha'i sun ishe mu. Shekaranjiya ɗaya ya ciji wani yaro a bakin famfo, ga ƴan awakinmu da suke kora kullum.

Duk wanda kare ya ciza, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a garzaya asibiti ko Centre Pasteur na nan Garwa don allurar haukan kare. Kar a tsaya shafa toka, don Allah. In alamun ciwon suka bayyana, magani ya ƙare.

Masu karnuka, ku ɗaure su, ku kai su rigakafi. Guba kuwa a'a, kajinmu za ta kashe.

Juma'a bayan la'asar mu haɗu ƙofar gidan Jauro.