Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 Ga 'Yan Ƙungiya: Harbin Bindiga da Kuɗin Bincike

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu dattawan ƙungiya, shugaba, 'yan kwamiti, da sauran 'yan uwa maza da mata, barkanmu da ganin ƙarshen shekara. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

A babban taron bara kun umarci kwamitin gudanarwa ya karkata aikin wannan shekara kan harbin bindiga a matsayin matsalar lafiyar jama'a. Ban manta ba, a ranar akwai waɗanda suka ce wannan huruminsu 'yan sanda da 'yan siyasa ne, me ya haɗa ƙungiyar ma'aikatan lafiya masu jin Hausa a Amurka da shi? 'Yan uwanmu da ke kwana a sashen gaggawa da ɗakin tiyata ne suka ba da amsa, domin su ake kawo wa wanda harsashi ya fasa, su kuma ke fita su sanar da uwarsa. Alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC sun mara musu baya: a 2021 mutum 48,830 bindiga ta kashe a ƙasar nan, kuma fiye da rabinsu, mutum 26,328, su suka harbe kansu. A 2020 bindiga ta wuce hatsarin mota wajen kashe 'yan shekara 1 zuwa 19.

Zamanmu na wata-wata ta Zoom ya ci gaba, kuma wanda ya fi jan hankali shi ne na tarihin kuɗin bincike. Zan ɗan tsaya a kansa saboda waɗanda aiki ya hana su halarta, don shi ne ginshiƙin duk abin da muka yi daga baya.

A 1993 Dakta Arthur Kellermann da abokan aikinsa suka wallafa wani bincike da CDC ta ɗauki nauyinsa, wanda ya nuna cewa gidan da ake ajiye bindiga ya fi wanda babu fuskantar haɗarin a kashe wani a cikinsa, kusan ninki uku. Ƙungiyar masu bindiga ta NRA ta tashi haiƙan. A 1996 majalisar dokoki ta saka wani sharaɗi a kasafin kuɗi, wanda ɗan majalisa Jay Dickey na jihar Arkansas ya gabatar, cewa ba za a yi amfani da kuɗin CDC wajen tallata taƙaita mallakar bindiga ba. Aka kuma zare dala miliyan 2.6 daga kasafin hukumar, daidai abin da ta kashe kan binciken bindiga a shekarar da ta gabata. Sharaɗin bai furta cewa an haramta bincike ba, amma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Hukumar ta ja da baya, manyan masu bincike suka koma wasu fannoni, ƙanana kuma malamansu suka gargaɗe su kada su jefa kansu inda babu kuɗi. Haka aka shafe shekara ashirin da ɗoriya. Wani nazari da aka buga a mujallar likitoci ta JAMA a 2017 ya gano cewa kuɗin da aka ba binciken harbin bindiga bai wuce kashi 1.6 cikin ɗari na abin da ya kamata ya samu ba, idan aka dubi yawan rayukan da yake ci.

Abin da ya fi taɓa ni a tarihin nan shi ne Dickey kansa. A 2012 ya haɗa hannu da Dakta Mark Rosenberg, tsohon shugaban sashen rigakafin raunuka na CDC wanda a da suke gaba da juna, suka rubuta maƙala a jaridar Washington Post suna kira a dawo da binciken. Dickey ya rasu a 2017 bai ga hakan ba. Sai a 2018, bayan harbin da aka yi a wata makarantar sakandare a garin Parkland na jihar Florida, wanda ya ci rai 17, majalisa ta fayyace cewa CDC na da ikon yin binciken, sannan a Disambar 2019 ta ware dala miliyan 25, rabi ga CDC rabi ga cibiyoyin binciken lafiya na NIH. Kuɗin kaɗan ne a ƙasar da ke rasa mutum sama da ɗari a kowace rana sanadin bindiga, amma da babu gara ba daɗi, kuma da shi aka fara amsa tambayoyin da muke buƙata a asibiti: wace hanyar ajiye bindiga ce ke kare yara, kuma me zai hana wanda aka harba ya warke ya sake dawowa kan gadon tiyata.

To, a bana iska ta sake juyawa. A Janairu aka rufe ofishin rigakafin harbin bindiga na fadar White House wanda aka buɗe a Satumbar 2023. A Maris aka cire daga shafin ma'aikatar lafiya sanarwar da babban likitan ƙasa na lokacin, Vivek Murthy, ya fitar a Yunin 2024, inda ya ayyana harbin bindiga a matsayin bala'in lafiyar jama'a. A Afrilu kuma sallamar ma'aikata ta shafi sashen raunuka na CDC sosai. Kwamiti ya rubuta takarda da sunan ƙungiya, muka roƙi kowa ya aika wa wakilin mazaɓarsa. Buƙatarmu ɗaya ce: a bar kuɗin binciken a kasafi, a kuma bar masu tattara alƙaluma su yi aikinsu. Ni a ganina wannan ba maganar jam'iyya ba ce. Ba a hana kowa hawa mota ba, amma ƙirga haɗurra da aka yi shekara da shekaru shi ya kawo bel da kujerar yara. Cutar da ba a ƙirga ba, ba a san inda za a sa mata magani ba. Waɗanda suka aika takardar, mun gode. Waɗanda suka ji tsoro saboda yanayin takardunsu na zama, kwamiti ya fahimce su, kuma babu wanda za a zarga.

A cikin al'umma, aikinmu ya fi ƙarfi a masallatai, musamman a unguwar Bronx ta birnin New York inda 'yan uwanmu Hausawan Gana da Nijar ke da yawa. Limamai sun ba mu 'yan mintuna bayan sallar Juma'a. Saƙon gajere ne: wanda ke da bindiga a gida ya cire harsashi, ya sa mata kwaɗo ko ya kulle ta a akwatin ƙarfe, harsashin kuma a ajiye shi wani wuri daban. Kuma uwa ta tambaya ko akwai bindiga a gidan da ɗanta ke zuwa wasa, ba rashin kunya ba ne. Mun kuma koyar da dabarun tsayar da jini na shirin Stop the Bleed, yadda ake danne rauni da hannu, a cusa ƙyalle, a ɗaure hannu ko ƙafa kafin motar asibiti ta iso. Direbobin tasi da masu shaguna sun fi kowa zuwa, don su ke aikin dare.

Inda muka gaza shi ne batun masu kashe kansu. Shi ne kaso mafi girma a alƙaluman, amma da an ambace shi sai wuri ya yi tsit, wani dattijo ya ce Musulmi ba ya haka, a wuce. Mun raba lambar 988 da ake kira idan mutum ya shiga ƙunci, sai dai raba lamba bai isa ba. Yawanci ƙuncin da ke kai mutum ga wannan na ɗan lokaci ne, kuma wanda ya yi yunƙuri da bindiga da wuya ya tsira, shi ya sa nisanta ta daga mai damuwa ke ceton rai. Muna roƙon malamanmu su zauna da likitocin ƙwaƙwalwa na ƙungiya a samo lafazin da jama'a za su iya saurara. Fassarar takardar wayar da kai zuwa Hausa ma ba ta kammalu ba, laifin kuma na kwamiti ne da bai sa wa aikin wa'adi ba.

'Yan uwa daga Zamfara da Katsina sun yi tambaya mai nauyi: su da ake harbe musu dangi a gona, ina amfanin wannan aiki gare su? Mun yi zama ɗaya da abokan aiki na gida. Nijeriya na da dokar 2017 da ta wajabta wa asibiti karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, amma sun shaida mana cewa jama'a da yawa ba su san da ita ba, kuma tsoro na sa a ɓoye mai rauni har ya ruɓe. Sun nemi mu taimaka da fom mai sauƙi na rubuta raunukan harbi: shekarun mutum, inda harsashi ya shiga, awa nawa kafin ya iso asibiti, ya rayu ko ya rasu. Mun amince, kuma shi ne aikin farko na 2026.

Ma'aji zai gabatar da lissafin kuɗi a takarda daban kafin babban taro. Masu bashin kuɗin wata, don Allah a biya, domin da shi muke sayen kayan koyar da tsayar da jini. Wanda zai shiga ƙaramin kwamitin fom ɗin, ko na fassara, ya ba da sunansa a zauren WhatsApp kafin taron. Muna buƙatar aƙalla likitan tiyata ɗaya da wanda ya iya harkar alƙaluma.

Wassalamu alaikum.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin gudanarwa