Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Dakta Tedros: a buɗe ƙofa tsakanin bariki da asibitin farar hula

Zuwa ga Dakta Tedros Adhanom Ghebreyesus,
Babban Daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya,
Jeneva.

Ranka ya daɗe,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Bayan haka, ni malama ce mai koyar da aikin jinya. Na rubuto maka ne a kan tambayar da ɗalibai ke kawo mana duk lokacin da karatu ya zo ƙarshe: su sa kaki, ko su nemi aiki a asibitin farar hula? Mukan ba su amsa gwargwadon saninmu, amma amsar ba ta kwantar min da hankali. Dalili kuwa, a wurare da yawa wanda ya zaɓi ɗaya kusan ya yi sallama da ɗayan ke nan. Matashiyar da ba ta daɗe da cika shekara 20 ba ake nema ta yanke hukuncin da zai bi ta har ritaya, alhali ba a faɗa mata rabin abin da ke ciki ba.

Wani zai ce wannan magana ce ta ministocin tsaro, me ya kawo ta teburinka. Alƙaluman hukumarku ne suka kawo ta. Rahoton da kuka fitar a watan Afrilun 2020 ya ce duniya tana da ma'aikatan jinya miliyan 27.9, tana kuma da giɓin miliyan 5.9, akasarinsa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Inda ake irin wannan ƙaranci, duk nas ɗin da ta cire kaki ta rasa inda za ta sa kanta asara ce ga marasa lafiya, ko ma'aikatar wa ta biya kuɗin horar da ita.

Abin da ke jan matasa zuwa soja ba ɓoyayye ba ne: albashi mai zuwa a kan kari, muhalli, fansho, tsanin ƙarin girma da kowa ke iya ganin matakansa, a wasu rundunonin har da ɗaukar nauyin karatu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ɗaya ɓangaren. Karatun da aka biya maka bashi ne, da shekarun aiki ake biyansa. Ba a ajiye aikin soja da wasiƙar wata guda kamar yadda ake yi a asibiti. Canjin wurin aiki oda ce, ba a neman shawararka, kuma ba ruwan oda da zangon karatun yara ko aikin miji. Rahoton naku na 2020 ya nuna kusan tara cikin goma na ma'aikatan jinya mata ne, don haka batun ciki da goyo da wanda zai riƙe yara idan an tura uwa fagen daga ba ƙaramin batu ba ne. Ya kamata a shimfiɗa shi a fili kafin sa hannu. Asibitin farar hula shi ma ba aljanna ba ce. Akwai 'yancin zaɓar fanni da wurin zama, akwai kuma aikin dare a jere, da nas guda a kan ɗaki cike da gadaje, da jiran takardar ɗaukar aiki har a gaji a nemi biza.

Abin mamaki, sana'ar nan tun asali tsakanin gidajen biyu ta tashi. A watan Nuwamban 1854 Florence Nightingale ta isa asibitin barikin Scutari, a ɓangaren Asiya na Santambul, da mata 38 don jinyar sojojin Birtaniya na yaƙin Kirimiya. Abin da ta gani a can ta dawo da shi gida, ta buɗe makarantar jinya a asibitin St Thomas na Landan a 1860. Tsarin fara duba wanda rauninsa ya fi tsanani, ba mai manyan anini ba, da Dominique Jean Larrey ake danganta shi, likitan rundunar Napoleon, kuma yau da shi kowane sashen gaggawa ke aiki. Ɗaurin tsayar da jini, wanda aka daɗe ana ɗari-ɗari da shi don tsoron rasa hannu ko ƙafa, yaƙe-yaƙen Iraƙi da Afganistan ne suka dawo masa da daraja. Yanzu ana koya wa masu motar ɗaukar marasa lafiya su ɗaura shi sama da raunin, su murɗa har jini ya tsaya, su rubuta lokacin da suka ɗaura. Ilimi yana wucewa ta wannan ƙofa ba tare da an tambaye shi takarda ba. Mutanen da suka ɗauko shi ne ake tsayarwa.

Bari in nuna maka yadda ake tsayar da su. Ka ɗauki nas ɗin da ta yi shekaru a soja. Ta yi ƙarin jini a cikin tanti, ta raka mai rauni a jirgi tana riƙe da jakar ruwa, ta shugabanci ƙaramin asibitin da likita ba ya zuwa kullum. Ranar da ta je neman aiki a asibitin farar hula, abin da ke hannunta takardar sallama ce: lamba, muƙami, ranar shiga, ranar fita, da shaidar cewa halinta na kirki ne. Jami'in da ke zaune a ofishin ɗaukar ma'aikata ya juya takardar gaba da baya, bai ga layin da ya ce ta yi aikin gaggawa ko na ɗakin tiyata ba. Shi ma ba mugu ba ne, fom ɗin da ke gabansa ne ba shi da gurbin da zai sa abin da ta sani. Sai ya ajiye ta a matakin masu farawa, ƙarƙashin waɗanda ta girme wa a aiki nesa ba kusa ba. Idan kuma lasisinta ya ƙare tana can inda ba a sabuntawa, sai ta koma layi daga farko. Wanda ya fi ta shan wahala shi ne ƙaramin soja mai ba da agajin farko, wanda hannunsa ya ƙware amma ba shi da rajista da kowace hukumar jinya. Shi idan ya cire kaki, a idon doka bai san komai ba.

Ta ɗaya gefen ma ƙofar a ƙuntace take. Nas ɗin da ta goge a ɗakin kulawa ta musamman, ta ga tana son ba da gudummawa a soja, takan tarar ƙa'idar shekaru ta riga ta rufe mata hanya, ko kuma muƙamin da za a ba ta bai yi la'akari da gogewarta ba. Batun muƙamin nan tsohon ciwo ne. Amurka ta kafa rundunar ma'aikatan jinya ta sojan ƙasa a 1901, amma sai 1947 suka samu cikakken muƙamin hafsa na dindindin.

Akwai kuma abin da masu sha'awar kaki ba sa tsammani. A lokacin zaman lafiya, waɗanda nas ɗin bariki ke dubawa akasari matasa ne majiya ƙarfi da iyalansu: zazzaɓi, targaɗe, gwajin lafiya, rigakafi. Hannun da aka horar don manyan raunuka sai ya yi sanyi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Wasu ƙasashe sun gane haka. Birtaniya ta rufe asibitocin sojanta na cikin gida, na ƙarshensu Haslar a 2009, ta mayar da ma'aikatan lafiyarta na soja cikin asibitocin gwamnati suna aiki kafaɗa da kafaɗa da farar hula, musamman a Birmingham inda aka riƙa kai waɗanda suka ji rauni a Afganistan. Sojan ƙasa na Amurka yana tura tawagoginsa cibiyar kula da raunuka ta Ryder a Miami, sojan sama kuma Baltimore. Amfanin ya bi ta ko'ina: asibiti ya samu ƙarin hannu, runduna ta samu gogaggu, ita kuma nas tana da tarihin aikin da kowane asibiti zai iya karantawa ranar da ta fita. Ban ce kowace ƙasa ta rufe asibitin bariki ba, don a wurare da yawa shi ne ma jama'ar da ke kewaye ke dogaro da shi. Musayar ma'aikatan ce abin koyi.

Na bar mafi nauyi zuwa nan. Nas ɗin soja tana da iyayen gida biyu, kwamanda da rantsuwar sana'arta. Yarjejeniyar Jeneva ta farko ta 1949, ɗaya daga cikin dokokin yaƙi na duniya, ta ce a kare ma'aikatan lafiya na soja. Ta yarda su riƙe makami don kare kansu da marasa lafiyarsu, ta kuma ce idan suka faɗa hannun abokan gaba ba fursunonin yaƙi ba ne, ana riƙe su ne kawai gwargwadon buƙatar jinyar fursunoni. Ƙarin yarjejeniyar 1977 ya hana bambanta masu rauni sai da dalilin lafiya, ya hana hukunta wani don ya yi jinya bisa ƙa'idar sana'a. A takarda abin a sarari yake. A cikin tanti kuwa, an shigo da mutum biyu, ɗaya abokin da kuka ci abinci tare da safe, ɗaya wanda ake zargin shi ya harbe shi, kuma na biyun ne jininsa ya fi zuba. A bakin ƙofa ga na gaba da ke a muƙami yana kallo. Ɗalibar da ba a taɓa zaunar da ita an tattauna wannan da ita a aji ba, ranar za ta fara tunaninsa, hannunta cikin jini. Ina ganin zalunci ne a bar ta ta isa nan ba shiri. Kuma idan ta dawo tana firgita cikin barci, asibitin da ya ɗauke ta ya kamata ya san abin da zai yi mata.

Yallaɓai, na san hukumarku ba ta ba janar-janar umarni. Amma tana da kunnen ministocin lafiya, waɗanda ke haɗuwa a Jeneva kowane watan Mayu. Kai ka naɗa Babbar Jami'ar Jinya a hukumar a 2017, kuma a 2021 kun fitar da jagora kan haɗin gwiwar farar hula da soja wajen shirin ko-ta-kwana na lafiya. Cutar Ebola ta riga ta nuna amfanin hakan a 2014, lokacin da ma'aikatan jinya na sojan Birtaniya suka yi jinyar ma'aikatan lafiyar da suka kamu a Kerry Town ta Saliyo. Roƙona shi ne a faɗaɗa maganar daga ranar annoba zuwa rayuwar ma'aikacin kansa. Ofishin Babbar Jami'ar Jinya ya zauna da Majalisar Ma'aikatan Jinya ta Duniya da Kwamitin Likitancin Soja na Ƙasa da Ƙasa, su fito da samfurin takardar tarihin aiki guda, wadda za ta nuna fannin da nas ta yi aiki, tsawon lokacin, da abin da aka tantance ta iya, ba tare da tona sirrin inda runduna ta je ba. Hukumomin ba da lasisi su karɓe ta, a kuma buɗe gajeriyar hanyar karatu ga masu agajin farko da ke son zama cikakkun ma'aikatan jinya. A rahotonku na gaba, ina fata a tambayi ƙasashe adadin ma'aikatan jinyar da ke ƙarƙashin ma'aikatun tsaro da inda suke tafiya bayan sallama. Dokokin Jeneva kuma su shiga manhajar kowace makarantar jinya, don nas ɗin farar hula ma yaƙi yana iske ta a ɗakin aikinta.

Duk abin da na roƙa ba ya buƙatar gina asibiti ko sayen na'ura. Idan ka sa ofishin Babbar Jami'ar Jinya ya ɗauki batun takardar tarihin aikin nan kafin taron ministoci mai zuwa, mu malamai a shirye muke mu gwada ta da ɗalibanmu, mu aiko muku da abin da muka gani.

Allah ya yi maka jagora. Huta lafiya.

Taka,
Wata malamar makarantar koyon aikin jinya